Wa ya kalli fim ɗin kyankyasan nan masu cin mutane?

Ɗan Kawo: Slm jama'ar gida, fatan an tashi lafiya. Don Allah wa ya kalli fim ɗin Turawan nan da ake ta turawa a waya kwanan nan, wanda kyankyasai suka zama ƙatti suna cinye mutanen wani ƙauye a Amurka? Jiya bayan isha'i na zauna na kalle shi tas, kuma wlh har yanzu haushin cajin wayata nake ji. Wai wani kamfani ne ya haɗa sabon maganin feshi aka fesa a gonar masara, maimakon ya kashe ƙwarin sai ya zame musu kamar abincin kaji, kafin sati ya zagayo kyankyaso ya kai girman Napep. To ni ba labarin ne ma ya dame ni ba, aikin ne. Kyankyason nan ba shi da inuwa jama'a! Rana tsaka, mutum yana tsaye ga inuwarsa a ƙasa, mota ga tata, amma wannan ƙaton abu ko ɗis, kamar an yanko shi da almakashi an manna da gam.

Maman Biyu: Wa'alaikumus salam. Kai ƙanina kai ka ga abin dariya, ni kam ban ga ta dariya ba. Maigida ne ya kawo shi ya kunna a falo yara suna zaune, tun daga ranar 'yan biyuna ba sa shiga banɗaki da dare sai na tsaya musu a bakin ƙofa da tocila, shekaranjiya Hassan ya ga wani ɗan mitsitsin kyankyaso a bayan bokiti ya kwarara ihu har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta zaci gobara ce.

Mai Tura Fim K/Barci: Hhhh oga Ɗan Kawo ai da ka tambaye ni kafin ka karɓa. Amma fa duk zagin da kake yi, a shagona wannan satin babu fim ɗin Turawa da aka fi nema kamarsa, yara 'yan makaranta da masu Napep su ne kan gaba. Kuma ba don tsoro suke karɓa ba, don fassarar ne.

Ɗan Kawo: A nan kam na yarda, mai fassarar ne ya riƙe ni na kai ƙarshe. Babban ɗan sandan garin ya raɗa masa suna DPO, likitan ƙwarin nan mai gilashi kuma wai Malam Sani-Duka, inda kyankyason ya fasa rufin coci ya leƙo sai ka ji ya ce "salamu alaikum masu gida, akwai ragowar tuwo?" Nan kam sai da na ajiye waya na yi dariya.

Sarkin Musu: Ni fa na rasa gane ku. Fim ɗin da aka yi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba kuke so ya yi muku kama da na kamfanonin da ke zuba miliyoyin daloli? Iya kuɗinka iya shagalinka. Mutanen nan sun tashi da ɗan abin hannunsu sun yi fim, ya tsallako teku ya zo har Kawo ka kalla har ƙarshe, yanzu ga mu nan muna ɓata data a kansa. In wannan ba nasara ba ce mece ce?

Ɗan Kawo: Malam ai ko gobara aka yi mutane suna taruwa kallo, ba shi ke nuna an yi abin kirki ba.

Sarkin Musu: To kai naka fim ɗin yana ina?

Ɗan Kawo: Sai na iya dafa tuwo kafin in ce bai dahu ba?

Mai Kamara Badarawa: Ku bari in sa baki tunda abincina ke nan, duk da dai ni bidiyon biki da na suna nake haɗawa ba fim ba. Sarkin Musu rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma a'a. Rashin kuɗi shi ya sa sojojin da aka ce gwamnati ta turo su ceci gari duka-duka su shida ne a mota ɗaya, wannan ban ga laifinsu ba, kowane mutum da ka saka a fim sai ka ciyar da shi ka biya shi. Amma inuwar da Ɗan Kawo ya faɗa ba maganar kuɗi ba ce, lalaci ne, ni da tsohuwar kwamfutata da sai na ɗora ta kan bulo biyu saboda zafi zan iya saka wa abu inuwa. Sannan ku koma wajen minti arba'in da wani abu, sojan nan mai gemu da aka cinye a bakin gada, ku duba da kyau za ku sake ganinsa a faɗan ƙarshe yana harbi lafiyarsa ƙalau, ko hular bai canza ba. Girman ƙwarin ma bai tsaya waje ɗaya ba, yanzu ka gan shi kamar akuya yana bin yarinya ta taga, an jima ya kai tifa yana ture gida. Jinin kuwa zoɓo ne da aka cika wa ruwa. Duk wannan ba aljihu ba ne, rashin kula ne.

Amma abin da ya fi ba ni takaici, akwai waje ɗaya da suka yi daidai kuma su kansu ba su gane sun yi ba. Inda matar nan take ita kaɗai a ɗaki an ɗauke wuta, tocilarta tana ƙyafta ido, sai ƙarar wani abu a cikin silin, ƙaras ƙaras ƙaras, ya tafi ya tsaya, ya dawo daidai saman kanta ya tsaya, sai ƙura ta fara zubowa a hankali kan gadon. Ba a nuna komai ba fa, ko ƙafa ɗaya. Ni da na san yadda ake haɗa waɗannan abubuwan sai da na ɗaga kai na kalli silin ɗin shagona. Wannan wajen nawa suka kashe? Tocila ɗaya da mutum ɗaya yana karta farce a jikin kwali. Da haka suka yi ta yi, su ɓoye abin sai can ƙarshe, da yanzu wata maganar muke yi.

Maman Biyu: Wlh Malam wannan wajen ne ya kama ni nima! Don mu silin ɗinmu ɓeraye suna wasan ƙwallo a ciki kullum, ranar ban yi barci ba sai wajen ƙarfe biyu.

Mai Kamara Badarawa: Kin gani ko Hajiya. Kuma ba sabon abu ba ne, fim ɗin kifin nan Jaws na 1975, kifin roban da suka ƙera da inji a ciki ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole darakta ya rage nuna shi ya koma nuna ruwa da kiɗa da fuskokin mutane, ƙarshe abin da ya ɗaga fim ɗin ke nan. Wanda ba shi da kuɗin dodo mai kyau sai ya sayi duhu, duhu kyauta ne, mu a Kaduna ma har gida ake kawo mana.

Injiniya Rigasa: Hhhhh wannan gaskiya ne. Ni kuma matsalata da fim ɗin ta lissafi ce. Kyankyaso mai girman Napep ko tashi tsaye ba zai iya ba balle ya bi mota a guje. In ka ninka tsawon abu sau 10 ta kowane ɓangare, nauyinsa sau 1,000 zai ninku, amma ƙarfin ƙafar da za ta ɗauki nauyin sau 100 kawai zai ƙaru. Kamar ka ɗora bene hawa goma ne a kan ginshiƙin da aka yi wa lissafin hawa ɗaya. Shi ya sa kuka ga giwa ƙafafunta kamar turmi, sauro kuma nasa kamar zare. Waɗannan siraran ƙafafun da suka bar wa nasu ƙwaron, taku ɗaya zai yi su karye kamar karan dawa.

Sarkin Musu: Injiniya fim muke kallo ba jarabawar WAEC muke rubutawa ba. Ka taɓa tsayar da fim ɗin Indiya ka yi lissafin yadda jarumi ya daki mutum ashirin?

Injiniya Rigasa: Na taɓa mana, shi ya sa madam ta daina kallo da ni.

Ɗalibar Samaru: Yaya Injiniya bari in ƙara maka, ko ƙafar ta ɗauke shi numfashi zai kashe shi. Ƙwari ba su da huhu irin namu, wasu 'yan ƙananan ƙofofi ne a gefen jikinsu, iska ke shiga ta nan ta bi siraran bututu har cikin naman jiki. Ga ƙaramin jiki wannan ya wadatar, amma jiki na girma iskar ba za ta kai can ciki ba. Malaman kimiyya sun ce kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce iskar oksijin ta kai wajen kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari, yanzu kuwa kashi 21 ce, kuma a duwatsun wancan zamanin an tono burbushin wani ƙwaro mai kama da mazari a Faransa, Meganeura, faɗin fukafukansa wajen santimita 70. To wannan fa shi ne ƙaton, kamar dai shaho, ba Napep ba. A yau cikin manya akwai buzuzun Goliath na dazukan Afirka, shi ma wajen santimita 11 ne, tafin hannu ya ishe shi. Wani abin kuma da ya ba ni dariya, ƙwaro ƙafa shida gare shi, amma nasu a wajen cocin nan na tsayar na ƙirga takwas.

Baba Na U/Shanu: 'Yata a makaranta ne ƙwaro yake da ƙafa shida. Mu a Hausa kunama ƙwaro ce, gizo-gizo ƙwaro ne, shanshani da ƙafafunsa ba sa ƙirguwa shi ma ƙwaro ne, har mutum in ya gwanance a abu sai a ce wane ƙwaro ne.

Ɗalibar Samaru: Hhh na karɓi gyara Baba, Allah ya ƙara girma.

Baba Na U/Shanu: Amin 'yata. Ni ban kalli wannan naku ba, jikokina ne suka nuna min wani yanki, amma irinsa ba yau aka fara ba. Turawan Amurka tun shekarun 1950 suke yin su, lokacin da tsoron bam ɗin nukiliya ya cika musu ciki. Akwai wani na 1954 mai suna Them!, tururuwa ce ta zama ƙatuwa a hamadar New Mexico saboda gwajin bam ɗin da aka yi a can a 1945. Ka ga su ba tururuwar suke tsoro ba, abin da hannunsu ya ƙera suke tsoro, sai suka sa masa ƙafafu. Yanzu kuma na ji kun ce maganin feshi ne, to tsoron ne ya canza riga.

Amma ni abin da nake so in ce muku, duk wanda ya ce sai ƙwaro ya yi girman mota zai ba da tsoro bai san ƙwaro ba. Ku je Anchau nan cikin Kubau ku tambayi tsofaffi me ya sa ake cewa Takalafiya. Ƙudan tsando ne, wanda bai fi ƙudan gida da wani abin kirki ba, ya addabi ƙasar da ciwon barci, mutum ya yi ta gyangyaɗi yana ramewa har ya tafi, shanu kuma sammore. Sai da Turawan mulki suka sare kurmin bakin rafuka, suka tashi mutane daga ƙauyukansu, aka gina sabon gari aka sa masa wannan suna. Cibiyar binciken ciwon barci da kuke wucewa a Unguwar Rimi ba don ado aka kafa ta a Kaduna ba. Ƙuda ya tashi gari, ba a fim ba.

Ɗan Kawo: Ikon Allah, Baba wlh ban taɓa sanin asalin sunan nan ba, kuma ina da aboki ɗan can.

Ɗalibar Samaru: Baba ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ba ma sai an koma zamanin Turawa ba, wa ya manta 2016? Tuta absoluta, manoma suna ce masa sharon, 'yan jarida suka sa masa Ebolar tumatir. Ɗan ƙaramin abu ne mai fukafukai da bai kai santimita ɗaya ba, asalinsa daga Kudancin Amurka, tsutsarsa ke shiga cikin ganye da cikin ɗan tumatirin ta ci daga ciki, ka yi feshi maganin bai kai gare ta ba. Sai da gwamnatin jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu na shekarar. A shekarar dai aka fara ganin tsutsar nan mai cin masara a ƙasar nan, ita ma baƙuwa ce daga nahiyar Amurka. Manomi ya kwanta da gona kore shar ya tashi ya tarar da ganye kamar rariya, wane fim ne ya kai wannan?

Maman Biyu: Kar ki tuna min 'yar uwa, shekarar nan ga azumi ya matso, ka je kasuwa a ƙirgo maka tumatir ƙwaya huɗu kamar ana ƙirga gwal, mu dai tumatirin gwangwani da kauɗa muka koma, miyar kuka kuwa ta sha mu har yara suka fara yajin aiki.

Malam T/Wada: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba don ni ba ma'abocin fina-finai ba ne, amma maganar Baba ta sa zan tofa. Ku duba cikin ayoyin da aka saukar wa mutanen Fir'auna a Suratul A'araf, akwai fara, akwai ƙwarƙwata, ba a ce an ƙara musu girma ba, yawa aka ƙara musu. A Baƙara Allah ya buga misali da sauro. Malaman ƙissa kuma suna kawo labarin Lamarudu da duk mulkinsa sauro guda ya shiga hancinsa ya gama da shi. Sannan Maman Biyu, da girmamawa, a riƙa dubawa kafin a kunna wa yara, abin da babba zai yi wa dariya yaro kwana yake da shi.

Maman Biyu: Gaskiya ne Malam, na gode. Zan tura wa maigidan wannan saƙon naka kai tsaye don in ni na faɗa cewa zai yi mita ce.

Sarkin Musu: To yanzu an bar fim an koma wa'azi da darasin noma. Ni dai ina nan kan bakata, fim ɗin ya yi abin da aka yi shi dominsa. Ba kowane abinci ne na biki ba, wani lokacin awara da yaji kake so a bakin titi, ka san ba kaza ba ce kuma ba ka ce a ba ka kaza ba. Ka dawo daga aiki a gajiye, go-sulo ya riƙe ka tun daga Kasuwa har Mando, kana so ka ga ƙaton kyankyaso ya haɗiye mugun mai kamfanin nan da jakar kuɗinsa ka yi dariya ka kwanta. Wa zai kalli fim ɗin tsutsar tumatir don Allah?

Mai Kamara Badarawa: Ni zan kalla, kuma ni zan so in yi shi ma. Ba tumatir ba, kwarkwasa. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauye da damina ya san abin da nake nufi. Ina yaro an kai ni hutu wajen kakata, cikin dare muka ji kaji suna wani irin kuka a akurki, kafin a kunna fitila sun shigo ɗaki layi guda baƙi ƙirin kamar an zuba kwalta tana tafiya, ba ƙara ba komai, sai dai ka ji cizo a wuya da cikin wando lokaci ɗaya. Kowa ya fito tsakar gida yana tuɓe riga, kaka tana ta zuba toka mai zafi da kananzir a bakin ƙofa. Da safe aka buɗe akurki, kazar da ke kwanci ba ta tashi daga kan ƙwanta ba, sai ƙashi da gashi. To ka ba ni wannan daren, da jariri kwance a ɗaki, da uwar da ta fita ɗebo ruwa ta jawo ƙofa, ka gani in akwai wanda zai yi dariya. Ba kwamfuta, ba dala, kwarkwasar ma kyauta za ta yi aikin.

Maman Biyu: A'uzubillahi, Malam don Allah cire jaririn nan daga labarin, tsigar jikina har ta tashi.

Ɗan Kawo: Kun ga abin da nake faɗa ko! Rubutu kawai ya yi a waya Anti ta tsorata, su kuwa da kamfaninsu da helikwaftan kwalinsu sai dariya suka ba mu. Sarkin Musu fito ka amsa.

Sarkin Musu: Ai ita Anti dama matsoraciya ce, ba ita ta ce na Turawan ma ya hana ta barci ba? Shaidarku ɗaya ce kuma tawa ce.

Maman Biyu: Kai yaro ka kiyaye ni, na girmi yayarka.

Sarkin Musu: Tuba nake Anti, a yi haƙuri.

Injiniya Rigasa: Ni tambayata ga Mai Kamara, 'yan fim ɗinmu na Hausa me ya sa in za su yi na tsoro ba sa wuce aljani da maye da boka? Kullum farar hoda a fuska da jan ƙyalle da dariya hahaha cikin kogo. Ga sauro nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizonsa a duk duniya a Najeriya suke, ga kuɗin cizo da duk wanda ya yi makarantar kwana ya san shi, ga gara da ke cinye rufin ɗaki shiru sai ranar da ya rufto.

Mai Kamara Badarawa: Saboda aljani ba ya buƙatar komai sai hoda da a juya murya, kuma mai kallo ya riga ya zo da tsoronsa daga gida. Sauro kuwa mun saba da shi har mun raina shi, ka nuna wa ɗan Rigasa sauro a fim ya ce maka wannan ai ɗan unguwarmu ne.

Injiniya Rigasa: Ka taɓa mu fa, amma ba ƙarya ka yi ba hhh.

Baba Na U/Shanu: Ku dai da wasa da wasa a riƙa saka gidan sauro. Kuma masu fesa fiya-fiya a rufe ɗaki a kwanta ciki a daina, ya kashe mutane ba ɗaya ba ba biyu ba.

Ɗalibar Samaru: Wannan gaskiya ne Baba. Ni kuma da fara ce ta zama ƙatuwa a fim ɗin da ban ji komai ba, sai dai in tambaya ina mai da yaji, ɗaya ta ishi gida har da maƙwabta.

Ɗan Kawo: Hhhh da a Maiduguri aka yi da fim ɗin minti goma zai yi ya ƙare, mata sun fito da kasko.

Admin: Jama'a saƙo ya haura ɗari tun safe, masu ƙaramar data suna ta kuka ta bayan fage. Wanda ya turo hoton kyankyaso a cikin kwanon abinci kuma na goge, don Allah a kiyaye wasu suna cin abinci.

Mai Tura Fim K/Barci: Kafin admin ya rufe mu, sanarwa: na biyunsa ya shigo jiya da fassara, wannan karon har tashi sama suke yi. Mai so ya zo da memori bayan la'asar.

Ɗan Kawo: Allah ya kiyaye. Sojan nan mai gemu yana ciki?

Mai Tura Fim K/Barci: Yana ciki oga, an ma ƙara masa girma ya zama kyaftin.

Ɗan Kawo: To ajiye min, zan biyo in na taso daga aiki.

Maman Biyu: In maigidana ya zo ka ce masa bai iso ba.